Gahawarmu yau tsami gobe ɗaci, maigida ya ce hannuna ne ya lalace

Ga wasiƙar da ta iso mana:

"Assalamu alaikum. Ni matashi ne mazaunin Jos. Shekara biyu ke nan ina aiki a wani gidan shan gahawa. Ni ke suyar ƙwayar a injin gas mai ɗaukar kilo 5, kuma ni ke koya wa sababbin ma'aikata haɗi. Masu sha sun fara ƙorafi, yau a ce ta yi tsami, gobe a ce ta yi ɗaci. Maigidana ya ce hannuna ne ya lalace, har ya faɗi haka a gaban yaran da nake koyarwa. Ni kuwa ban canza komai ba. Da ido da hanci nake suya kamar yadda aka koya mini. Idan ta ƙare in soya wata mu ɗora a ranar, ɗanyar kuma duk inda maigida ya samu da sauƙi nan yake saye. Ga shi duk wanda na koya wa, da ya yi wata uku sai ya tattara ya tafi Abuja, in koma farko da wani sabo. Na gaji. In bar aikin ni ma in bi su, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya huci zuciyarka. Faɗa a gaban waɗanda kake koyarwa abu ne mai ciwo, kuma maigidanka bai kyauta ba. Amma kada ka tafi yanzu. Hannunka lafiyarsa ƙalau. Inda muka tsaya a wasiƙarka shi ne wurin da ka ce ba ka canza komai ba. Kai ɗin ba ka canza ba, sai dai duk abin da ke kewaye da kai kullum canzawa yake yi: ƙwayar da aka sayo, sanyin safiyar Jos, ƙarfin gas a tukunya, kwanakin da suyar ta yi kafin a niƙa ta. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi haka ne. A bakin injin suya kuwa, daƙiƙa talatin ce tsakanin gahawa mai garɗi da mai ƙauri, kuma ido ba ya ƙirga daƙiƙa. Muddin ba ka da sikeli da agogo da littafi, duk abin da ya ɓaci a gidan nan a kanka zai ƙare, domin ba ka da abin da za ka nuna.

Fara da raba gardama. Tsami ko ɗaci na iya fitowa daga suya, yana kuma iya fitowa daga teburin haɗi, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane wanne ne. Ɗebi giram 11 daga suyar da ake ƙorafi a kanta, ka niƙa da ɗan tsakuwa-tsakuwa kamar tsakin masara mai laushi, ka zuba a kofi mai cin mililita 200. Yi kofi uku iri ɗaya. Zuba ruwan zafi har baki, ka bar shi minti 4 ba taɓawa. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama. Sa bayan cokali ka ture ɓawon, hancinka na kusa da kofin, ka shaƙi abin da ya taso. Kwashe kumfar, ka jira zuwa minti 10 ko 12, sannan ka ɗebo da cokali ka zuƙa da ƙarfi yadda zai watsu a baki duka. Ka sake ɗanɗanawa idan ya huce sosai, domin aibin gahawa a sanyi yake tona kansa. Idan kofunan nan uku sun yi daɗi amma abin da injin esfireso (wanda ke matso gahawa mai kauri da ruwan zafi) ke fitarwa bai yi ba, to suyarka ta fita, matsalar tana wurin niƙa da haɗi. Idan ka ji tsami mai kaifi da ɗanɗanon ɗanyen wake ko ciyawa, suyar ba ta nuna ciki ba. Idan ƙauri da ɗacin gawayi ka ji, ta wuce. Idan kuwa biyu sun yi daɗi ɗaya ya yi warin rima ko na ruɓa, laifin ɗanyar ƙwaya ne, mummunar ƙwaya ɗaya ta faɗa wannan kofin. Wannan gwajin ka mai da shi al'ada ga kowace suya, kuma ka riƙa kiran maigida ya ɗauki cokali shi ma.

Sayen ɗanya duk inda aka samu da sauƙi shi ne rabin damuwarku. Arabika da Robusta ba abu ɗaya ba ne. Arabika, irin wadda ake nomawa a tsaunin Mambilla a jihar Taraba, ta fi ƙamshi da ɗan tsami mai daɗi. Robusta ta fi ɗaci da nauyi a baki, sinadarin da ke hana barci a cikinta ya kai kusan ninki biyu. Idan buhun wannan wata Arabika ce zalla, na wata mai zuwa kuma an cakuɗa, babu gwanintar da za ta sa su fito iri ɗaya. Ku tsaya wa mai kawo kaya ɗaya, ku sayi abin da zai kai ku wata biyu ko uku, kuma kafin a biya kuɗi a ba ka rabin kilo ka soya ka ɗanɗana. Ɗanyar da ta bushe daidai laimarta kashi 10 zuwa 12 ce cikin ɗari. Wadda ta fi haka tana saurin yin fumfuna, wadda ta gaza kuma ta tsufa, launinta ya koɗe zuwa fari-fari, ɗanɗanonta kamar an jiƙa kwali. Baza ta a faifai ka tsince baƙaƙe, da waɗanda ƙwaro ya huda, da fasassu, da tsakuwa. Tsakuwa ɗaya tana iya kashe haƙoran injin niƙa. Wajen ajiya, buhun PICS da manomanmu ke adana wake a ciki yana yi wa gahawa aiki sosai, yana tsare ta daga rimar damina da bushewar hunturu. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kuma nesa da albasa, da fetur ɗin janareta, da kayan yaji, saboda gahawa tana shan warin duk abin da ta kwana kusa da shi.

Yanzu bakin inji. An rubuta kilo 5 a jikinsa, amma kada ka cika shi. Zuba kilo 4, kuma kullum kilo 4 ɗin, a aune a sikeli. Yau uku gobe biyar yana nufin yau wuta ta fi ƙarfin ƙwaya, gobe ƙwaya ta fi ƙarfin wuta. Kafin zubin farko ka bar gangar da ƙwayar ke juyawa a ciki ta yi zafi minti 25 zuwa 30. Ma'aunin zafi zai nuna maka digiri 200 cikin 'yan mintuna, amma iskar ciki ce ta yi zafi, ƙarfen bai ɗauka ba tukuna. Wannan ne ya sa zubin farko na safiya yakan yi jinkiri ya fito lami, na uku kuma ya yi gudu ya ƙone gefe. A Jos abin ya fi tsanani a Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba kan kusanci digiri 10. Ƙwayar da ta kwana a sito mai sanyi tana shanye zafin ganga, tukunyar gas ma ƙarfinta na raguwa idan ta yi sanyi ko ta kusa ƙarewa. Auna ƙwayar tun daren jiya ka ajiye ta a ɗakin suya, kuma a sa wa bututun gas agogon da ke nuna matsin iska, domin ka daina dogara da tsawon harshen wuta.

Ga yadda suya matsakaiciya take tafiya, don ka samu abin kwatance. Ka zuba a wajen digiri 200. Ma'auni zai faɗi ƙasa, ya juyo sama a tsakanin minti ɗaya da minti ɗaya da rabi. Zuwa minti 5 ƙwayar ta bar kore ta koma ruwan ɗorawa, warin ciyawa ya koma ƙamshin burodi a tanda. Daga nan ta shiga yin ja, tana yamutsewa, sai wajen minti 8 zuwa 9 da rabi, kusa da digiri 196 zuwa 200, ka ji fashewar farko, tas, tas-tas, kamar gugguru ya fara tashi a tukunya. Jawo 'yar cokalin gwaji ka duba: ƙwayar ta kumbura, yamutsewar bayanta ta fara miƙewa, tsagar tsakiya ta buɗe da farin ƙaiƙayi a ciki. Daga wannan ƙarar zuwa saukewa nan ne duk ɗanɗanon yake yanke hukunci. Minti ɗaya da rabi zuwa biyu da 'yan daƙiƙu ya isa ga gahawar esfireso, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukan lokacin suyar. Ka sauke da wuri, ka samu tsamin nan da ɗanyen ciki. Ka bari har fashewa ta biyu, wadda ƙararta siririya ce, ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen kara, a wajen digiri 224, mai ya fito a jikin ƙwaya, ɗaci ya rufe komai. Lambobin nan kada ka riƙe su kamar karatun allo. Kowane inji da inda aka soke ma'auninsa, naka zai iya nuna fashewar farko a 190 ko a 204. Abin da ake so shi ne ka san lambar injinka ka riƙa komawa gare ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne wasa da wuta a ƙarshe. Mutum ya ga zafi na hawa da sauri gab da fashewa, ya tsorata ya kashe wutar gaba ɗaya, zafi ya tsaya cak, ƙwaya ta yi ta juyawa ba ta ci gaba. Launi zai fito da kyau, amma a baki salam, babu zaƙi babu ƙamshi. Ka ba ta wuta mai ƙarfi tun farko, sannan ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan daga lokacin da ta yi ruwan ɗorawa, ragi na ƙarshe kamar minti ɗaya kafin fashewa. Zafin ya ci gaba da hawa har ka sauke, sai dai hawan yana raguwa a hankali. Idan ka ga baƙin tabo a shafaffen gefen ƙwaya, gangar ta yi zafi fiye da kima lokacin zubi. Idan bakin ƙwayar ne ya ƙone, wutar farko ta yi yawa. Waɗanda suka fito fari-fari a cikin 'yan'uwansu kuwa ba laifinka ba ne, 'ya'yan da aka tsinke ba su nuna ba ne, ka tsince su a faifan sanyaya. Sanyayawar kanta kada ta wuce minti 4, in ba haka ba ƙwayar tana ci gaba da dahuwa da zafin jikinta.

Duk wannan a littafi zai zauna. Shafi ɗaya ga kowane zubi: kwanan wata, buhun da aka ɗebo, nauyin shiga, zafin zubi, zafin kowane minti, lokacin da ta yi ɗorawa, lokacin fashewa, lokacin saukewa, duk inda ka taɓa wuta, da nauyin fita. Nauyin fita shi ne mashaidin da ba ya ƙarya. Ka zuba giram 4,000 ka kwashe 3,400, ta rasa kashi 15 cikin ɗari, suya matsakaiciya ke nan. Gobe ka kwashe 3,240, ta rasa kashi 19, ta yi duhu ko da idonka ya ce iri ɗaya ce da ta jiya. Ka kwashe 3,540, ba ta kai kashi 12 ba, ka sa ran tsami. Sa ɗaya daga cikin yaranka ya riƙa rubutawa kana kira masa lambobi, shi ma karatu yake yi a nan.

Maganar wutar lantarki ba ta wasa ba ce. Gas ke ba da zafi, amma lantarki ke juya ganga da fanka. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar suya, rufe gas nan take, ka buɗe ƙofa ka kwashe ƙwayar, ka juya gangar da hannu idan injinka na da wurin yin haka, domin ƙarfe mai zafi da ya tsaya wuri ɗaya yana lanƙwashewa. Mafi alheri a yi suya a kan janareta ko inbata tun daga farko. Idan kuwa ƙwaya ta riga ta kama da wuta a ciki, kada ka buɗe ƙofar, iska za ka ba ta. Rufe gas, ka tsayar da fanka. Kwashe ƙaiƙayin da ke taruwa kullum bayan aiki, a goge bututun hayaƙi akai-akai, a ajiye abin kashe gobara kusa da ƙofa. Hayaƙin ya fita waje ta bututu. Ƙirjinka jarinka ne, kada ka yi shekaru kana shaƙarsa a rufaffen ɗaki.

Sai abin da muke zargi fiye da komai a wasiƙarka: soyawa a ɗora a ranar. Gahawar da ta fito daga wuta cike take da iskar da suya ta haifar a cikinta, kuma kwanaki take yi tana fitar da ita. Ka niƙa ta a ranar ka sa a inji, iskar nan za ta ture ruwa, ya ƙi ratsa garin yadda ya kamata, kofi ya cika da kumfa mai manyan idanu, ɗanɗano ya yi kaifi. Bayan mako biyu gahawar nan ɗaya za ta zubo daban. Ka ga ke nan ko da suyarka ba ta da aibi, mai sha zai ji bambanci tsakanin Litinin da Juma'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ware rana ɗaya a mako ta suya, ka zuba a leda mai ƙaramin maɓallin da ke fitar da iska ba ya shigar da ita, ka rubuta kwanan wata, ka bar ta kwana 7 zuwa 10 kafin esfireso. Ta tacewa, wato wadda ake zuba wa ruwan zafi a tace, kwana 3 zuwa 5 ya ishe ta. A shanye cikin mako huɗu zuwa shida, kuma a fara da tsohuwa.

A teburin haɗi ƙa'idar gajeriya ce. Giram 18 na gari a kwando, wato ɗan mazubin injin esfireso da ake danna garin a ciki, giram 36 na gahawa a kofi, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin goma na giram, ba cokali ba. Ta zubo cikin daƙiƙa 18, ruwa-ruwa, da tsami? Ƙara laushin niƙa. Ta yi ta ɗiga har daƙiƙa 40, da ɗaci da bauri? Sassauta. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci ɗaya, kuma bayan an juya injin niƙa a zubar da ɗan garin farko, domin na tsohon saiti ne. Wannan daidaitawar ta kowace safiya ce, da rana ma a sake dubawa, musamman da damina idan hadari ya haɗo laima ta ƙaru. Da hunturu gari kan manne a jikin inji ya dunƙule, sai a bi shi da siririn tsinke a warware kafin a danna. Idan kofi ɗaya ya haɗa tsami da ɗaci tare, dannawar ce ta karkace, ruwa ya samu rami ya bi ta gefe ɗaya. Ɗacin da ke da warin tsohon mai kuma datti ne: a wanke kan inji da makahon kwando, wato marar huji, da garin wankinsa kowane dare, a jiƙa kwanduna. Ruwan burtsatse ku kula da shi. Idan gindin butarku na yin farin ɓawo, haka cikin injin ke yi, a sa matata mai rage wannan. Wani abu kuma da ya shafi Jos: garin yana sama da teku da kusan mita 1,200, don haka ruwa na tafasa a wajen digiri 96. Masu koyarwa a intanet kan ce a bar tafasasshen ruwa ya ɗan huce kafin a zuba wa gahawar tacewa. A Jos da ka sauke ka zuba, ya riga ya yi daidai.

Mu koma ga koyarwa, domin a nan muke ganin gajiyarka ta fi yawa. Yawancin yaran da ke zuwa maka da shayin mai shayi suka tashi, madara da sukari har cokali ya tsaya. Ba su taɓa shan gahawa baƙa ba, kuma duk abin da ba zaƙi ba ɗaci suke kiransa. Wanda bai bambance tsami da ɗaci ba, ba zai san inda zai juya injin niƙa ba ko ya haddace lambobi. Saboda haka ranar farko kada ya taɓa inji. Jera masa kofi uku: ruwa da 'yan ɗigon lemun tsami, ruwan da aka jiƙa shuwaka, da baƙin shayin da ya daɗe a buta har ya yi bauri. Ya sha, ya faɗi sunan kowanne da inda ya ji shi a baki. Sannan ka zubo masa esfireso uku da gangan, na daƙiƙa 15, na 28, na 40, ka juya masa baya ka sassauya wa kofunan wuri, ya gane wanne ne wanne. Duk wanda ya ci wannan, sauran aikin hannu ne.

Makon farko niƙa da aunawa da dannawa da wanke-wanke kawai. Madara sai mako na biyu, kuma kada ka ɓarnatar da ita: ruwan sanyi da ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka yana yin kumfa kamar madara, da shi ake koyon riƙon moɗa. Idan an zo ta gaske, a ɗauko ta da sanyinta daga firji, a zuba zuwa gindin bakin moɗar. A fesar da ruwan da ya kwanta a sandar tururi, a sa bakinta ƙasa da saman madarar kaɗan. Za ka ji tsi-tsi-tsi kamar ana yaga takarda a hankali, daƙiƙa 3 zuwa 5. Da moɗar ta yi ɗumin jiki a ɗan nutsa sandar, madarar ta shiga juyawa kamar ruwa a mazurari, manyan kumfa suna nutsewa suna ɓacewa. A tsaya a digiri 60 zuwa 65, lokacin da tafin hannu ba zai iya daɗewa a jikin moɗar ba. Samanta ya yi sheƙi kamar sabon fenti. Ihun da kake ji daga nesa alamar an nutsa sandar tun farko ba a ba ta iska ba. Mutanenmu suna son abu da zafi ƙwarai, za su ce a ƙara. Kada a ƙona madarar don haka, domin da ta wuce digiri 70 zaƙinta ya tafi. A ɗumama kofin da ruwan zafi tukuna. Madarar da aka riga aka dafa ba a maimaita ta, kuma ana goge sandar a fesa ta bayan kowane kofi.

Kada ka sallami kowa zuwa gaban masu saye sai ya zubo esfireso biyar a jere, kowanne bai kauce da fiye da giram 2 ko daƙiƙa 3 ba, ya yi kafucino (esfireso da madara mai kumfa) uku masu kumfa iri ɗaya, ya kuma daidaita injin niƙa da ka ɓata da gangan ba tare da ka sa baki ba. Rubuta ƙa'idar gidan a takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, a manna a bango kusa da inji. Da azumi kuma ƙa'idar nan ce za ta cece ku, tun da ba a ɗanɗanawa da rana: a daidaita da sikeli da agogo, abokin aikin da ba ya azumi ya ɗanɗana, gwajin suya a bar shi sai bayan shan ruwa. Gyara kuma a gefe ake yi, ba a gaban mai saye ba. Ka san zafin wannan da kanka.

Tafiyarsu Abuja ba za ka iya hana ta ba, kuma kada ka ɗauke ta a matsayin cin amana. Yaron da ka koya wa wata uku har aka ɗauke shi aiki a Wuse ko Maitama shaida ce cewa koyarwarka na ci. Abin da za a iya yi shi ne a rage gudun. A yi yarjejeniya a rubuce tun ranar farko, da wa'adin da kowa ya yarda da shi, da ƙarin albashi a duk matakin da mutum ya ci jarrabawarsa, da takardar shaida ranar sallama. Wanda ya san akwai ƙari a wata na huɗu da na takwas ba ya saurin ɗaukar jaka. Riƙe wa yaro takardun makaranta ko albashinsa don kada ya tafi zalunci ne, kada ka yarda a yi da hannunka. Kuma ka riƙa koyar da biyu a tare, har da 'yan mata, yadda tafiyar ɗaya ba za ta mai da kai farko ba.

Maigida kuma ka same shi shi kaɗai, bayan an tashi, da ladabi, da littafinka a hannu. Ka fara da lissafin da zai shiga kunnensa. Kilo ɗaya na ɗanya yana komawa kamar giram 850 bayan suya, wato kofi 47 a giram 18, a cire na daidaitawa da na koyo a samu 40 da 'yan kai. Kowane zubin da ya lalace, kofi fiye da 150 ne suka tafi. A kan wannan za ka nemi sikeli biyu, da agogon gas, da matatar ruwa, da ledoji, da mai kawo ɗanya guda ɗaya, da kilo ɗaya da za a ware wa kowane sabon ɗalibi. Sannan ka roƙe shi, in akwai gyara ya kira ka gefe, domin yaran da suka ga ana yi maka tsawa ba za su ji maganarka ba, asarar kuma tasa ce. Aiki biyu kake yi a gidan nan, suya da koyarwa. Maganar albashin da ya dace da su ka ajiye ta sai ƙorafi ya lafa, lokacin bakinka zai fi nauyi.

Ba wa wannan tsarin wata uku. Idan bayan haka kofi ya daidaita amma wulaƙanci bai daina ba, ka tafi da sallama mai kyau, ba wanda zai ga laifinka. Sai dai ka sani Abuja ba lallai sai ka tare a can ba. Haya da abinci da kuɗin mota za su cinye bambancin albashin da ke ruɗar yaranka. Mai suya na iya zama a Jos ya aika kaya, tun da gahawar dama tana bukatar kwanakin hutu kafin a sha, ya kuma riƙa zuwa horar da ma'aikatan otal na kwana uku ko huɗu ya dawo. In ka kai ga sayar da taka a leda da sunanka, sai rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar NAFDAC. Kuma idan za ka buga kati, rubuta "mai suyar gahawa da horar da masu haɗi", domin a ƙasar Hausa da an ji barista lauya ake zata.

Idan ka cika shafi ashirin a littafin, aiko mana da lambobin zubi uku, wanda ya fi daɗi, da wanda ya yi tsami, da wanda ya yi ɗaci, tare da nauyin shiga da na fita na kowanne. Za mu duba su tare da kai.